Gyaran Gangar Auzinawa a Bakin Kogin Senegal



Yawancinmu ta Kaulaha muka san Senegal. Yau arewa da can zan kai ku, birnin San Luwi, wanda mutanensa ke kira Ndar.

Tsakanin Kogin Senegal da Tekun Atilantika akwai wani siririn zirin yashi mai suna Langue de Barbarie. Shi ne garkuwar birnin. A kansa unguwar masunta ta Guet Ndar take. A kudancinsa akwai gandun da aka keɓe a 1976, inda tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, kunkurun teku ke binne ƙwai. Wannan gandu da tsohon birnin, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2000, su ke jawo masu yawon buɗe ido.

A Oktoban 2003 kogin ya cika ya batse, ruwa ya shiga unguwanni. Cikin gaggawa hukuma ta sa aka yanka zirin nan, faɗin mita 4 kacal, don ruwan ya sami mafita zuwa teku. Ambaliya kuwa ta janye, jama'a suka yi hamdala.

To amma jama'a, ƙofar da aka buɗe wa kogi ya fita, ta nan teku ta shigo. Yashi ba dutse ba ne. Igiyar ruwa ta yi ta zaizayar bakin, mita 4 ta koma kilomitoci. Ƙauyen Doun Baba Dièye ya nutse, mutanensa suka watse. Ruwan gishiri ya lalata gonakin lambu na yankin Gandiol. Masunta masu yawa sun rasa rayukansu wajen ƙetare wannan mashiga. Masaukan baƙi da aka gina a kan yashin ma ruwa ya ci wasu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: an je maganin ambaliyar damina ɗaya, an haifo zaizayar da ta haura shekara 20 tana cin ƙasa.

Ina ruwan yawon buɗe ido a nan? Baƙo abin da ya zo gani shi ne rairayi da tsuntsu. Idan aka kwashe yashin don yi masa ɗaki, aka sare itatuwan da ke riƙe tudun, aka matsa da kwalekwale har tsuntsu ya tashi daga kan ƙwansa, to an yanka kazar da ke ba da ƙwan. Don haka abu uku nake kira a kai. A hana gini da kwasar yashi a bakin gaɓa. A ƙayyade yawan baƙi lokacin ƙyanƙyasa. A ware wani kaso na kuɗin shiga don dashen itatuwa, a damƙa aikin a hannun 'yan ƙasa.

Sama da duka, kafin a taɓa kogi, a zauna da masana, a zauna da masuntan da suka gaji ruwan kaka da kakanni. Yanka zirin nan bai ɗauki wani lokaci ba, amma har gobe ba a iya ɗinke shi ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar ƙasa.