Ciwon Suga da Haƙoranmu: Jawabin Ranar Cikar Shekarar Ƙungiya

Uwar ƙungiya, iyayenmu, 'yan'uwa na Tambuwal da waɗanda sunka taso tun daga Kebbe, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

Bana mun ga abin da ya tayar mana da hankali. Wata 'yar'uwarmu da muke kasa kaya tare ta yi wata da watanni tana fama da haƙori. Ta sa kanumfari, ta sha maganin ciwo, har ta kai kanta wurin mai cire haƙori na kasuwa. Ramin ya ƙi warkewa, kunci ya kumbura, jari ya tafi a magani. Sai da anka auna jininta a asibiti anka gano ciwon suga ne.

Mu da munka shiga ajin yaƙi da jahilci mun nemi bayani, ga abin da munka fahimta. Haƙori ba dutse ba ne, rai gare shi. A tsakiyarsa akwai tsoka mai taushi kamar ɓargo a cikin ƙashi, cike da ƙananan jijiyoyin jini da ke shiga ta wata 'yar ƙofa a ƙarshen saiwa. Su ke kai masa abinci da abin yaƙar ƙwayoyin cuta. In suga ya daɗe da yawa a jini, bangon jijiyoyin nan sai ya yi kauri, hanya ta tsuke, jini ya rage isa. To, ƙwayar cuta na shiga ta kogo, ba mai tare ta. Tsokar tana iya mutuwa, mugunya ta taru a gindi. Haka dasashi: ya kumbura, ya riƙa jini, haƙora su fara girgiɗi. Baki kuma ya bushe, alhali miyau ne ke wanke shi. Wani abin kuma, ciwon dasashin kansa yana ƙara hana suga sauka.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kin ga jini a asuwaki kullum, ga yawan ƙishirwa da fitsarin dare, je ki a auna ki. Awon safe kafin a ci komai, in ya kai 126 har sau biyu, likitoci na kiransa ciwon suga. Mai ciwon kuma kada ta yarda a taɓa mata haƙori sai ta faɗa wa likita. Mu goge baki safe da dare, mu rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi. Abin da ya fi ƙarfin asibitin gari, akwai likitocin haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

Roƙonmu ɗaya: a ware wani abu daga zubin adashe, kowace mamba ta yi awo kafin 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya. Haƙora 32 Allah Ya ba babba, wanda ya fita kuwa ba ya dawowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a sana'armu.