Mu Zama Shaidun Gaskiya: Jawabi Ga Dattawan Ikilisiya Kan Labaran 'Yan Bindiga



Kuka ɗaya nake ji daga ikilisiyoyinmu na karkara: an kwashe mana mutane, amma ko a rediyo ba a faɗa ba. Gaskiya ne. Yawancin 'yan jarida suna zaune a Kaduna, Abuja da Legas, hanyoyin ƙauyukanmu kuwa ba sa biyuwa lafiya. Sai su jira sanarwar 'yan sanda ko abin da aka tura musu ta waya. Idan an ɗauki ɗalibai sama da 100, kamar na makarantar Bethel Baptist a Yulin 2021, duniya takan ji. Idan manoma 3 aka ɗauke a gona, shiru kake ji.

Labarin da aka ɗauka ma, lissafinsa kan rikice. A Maris 2024 an fara cewa yara 287 aka sace a Kuriga, daga baya gwamnati ta ce 137 ne. Ga kuma takurawar hukuma: a Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, a 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga.

To, ina namu aikin? Kowane sakataren ikilisiya ya buɗe littafi: rana, wuri, sunayen waɗanda aka ɗauka, da waɗanda suka dawo. Ɗan jarida ya zo, a ba shi adadi tabbatacce, amma a riƙe sunaye da zancen kuɗin fansa muddin mutanenmu suna daji.

Kada mu ƙara gishiri. Idan mutum 7 ne, kada mu ce 20, domin ranar da aka kama mu da ƙari, an daina yarda da kukanmu ke nan. Kada mu tura hoton da ba mu san asalinsa ba a WhatsApp. Maƙwabtanmu Musulmi da aka ɗauka tare da namu, su ma a rubuta su. Iyayen yaran Ƙanƙara na 2020 hawaye irin namu suka zubar. Kada kuma mu ɗora laifin ɓarayi a kan ƙabila gaba ɗaya. Dokar da ta hana shaidar zur ba ta ɗaga mana ƙafa don muna cikin baƙin ciki ba.

Ubangiji ya dawo mana da waɗanda ke daji lafiya. Amin.