Haske Ne Alƙalin Dutse Mai Daraja

'Yan'uwa 'yan Tambuwal da Kebbe mazauna birane: Duk matashinmu da zai shiga fataucin duwatsu masu daraja ya sani launi ba hujja ba ne, domin gilashi ma ana rina shi. Hujja ita ce yadda dutse ke karkatar da haske. A ma'aunin masana, gilashin kwalba kusan 1.5 ne, tomalin 1.62 zuwa 1.64, safaya irin ta tsaunin Mambila kuwa 1.76 zuwa 1.77. Haka nan idan aka jujjuya tomalin a haske, launinsa kan ƙara duhu ta wata fuska, gilashi kuwa ba ya sauyawa. Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta sayi wannan ma'auni, ta horar da yaranmu kafin su zuba jarinsu. Allah Ya tsare mu daga asara.