Ƙarnin Kifi a Kayan Maigida: Yadda Za Ki Rabu da Shi

 

Yau hirar tamu ta matan masunta ce. Tun da aka gina madatsun ruwa a shekarun 1970, irin su dam ɗin Thomas a ƙasar Ɗambatta, da Watari a Bagwai, da na Jakara wajen Wasai, manoma da yawa a wannan yanki namu suka haɗa noma da su. Da damina suna gona, da rani suna bakin ruwa. Alhamdu lillahi, ana samun na cefane. Amma fa ke da kike cikin gida, ko da ba ki taɓa ganin dam ɗin da idonki ba, kin san warinsa, domin kullum yana shigo miki a jikin rigar maigida.

Kada ki ɗauki wannan ƙaramar magana. Riga tana ruɓewa tun kwananta bai ƙare ba. Taru da koma kuɗi ne masu yawa. Maigida ya shiga sahu a masallaci, na kusa da shi yana kau da kai. In kuma kina suyar kifi yara na kai talla, mai saye yana fara shinshina zanin da aka rufe tiren kafin ya dubi kifin.

To mene ne ƙarni? Abu uku ne suke maƙalewa a tufafi: yauƙi da jini, sai man kifi, sai kuma wani sinadari mai wari da yake fita in kifi ya fara jimawa. Kowanne da maganinsa. Abin da ya sa wasu ke cewa sun wanke sun wanke bai fita ba, ba ƙarfi suka rasa ba, tsari suka rasa.

Na farko, kada kayan su kwana a ƙudundune. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da maigida ya tuɓe, a karkaɗe ɓawon kifi da taɓo a waje. In dare ya yi ba halin wanki, to ki baza su a igiya su sha iska. Cusa jiƙaƙƙiyar riga cikin buhu ko leda shi ke kawo fumfuna, waɗannan baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu wuyar fita.

Na biyu, ruwan sanyi ake farawa da shi. Na san da yawanmu mun saba cewa ruwan zafi ya fi fitar da datti. A nan ba haka ba ne. Kin ga yadda ƙwai ke daskarewa in ya ji wuta? Haka jini da yauƙin tarwaɗa suke yi a cikin zare in kika zuba musu tafasasshen ruwa. Kin dafa tabon ke nan, ya zauna. Ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan gishiri kamar rabin awa, ki cuɗa, ki zubar.

Na uku, sai a bi ta kan maiƙo. Nan ne ruwan ɗumi ke da amfani. Ki jiƙa 'yar kanwa, ko ki tace ruwan toka, ki haɗa da sabulun wanki ko garin sabulu. Kanwa da toka suna karya mai. Ki fi mai da hankali ga wuya, da hammata, da aljihu, da gaban cinya inda yake goge hannu. Amma kada kanwar ta yi yawa, tana cin hannu, tana kuma kashe launin riga mai kala.

Na huɗu, bayan kin ɗauraye sabulun tas, sai tsami. Ki matse lemun tsami uku ko huɗu a rabin bokiti, ki tsoma kayan kamar minti 15, sannan ki sake ɗaurayewa. Sinadarin nan mai wari ɗan gidan su kanwa ne, tsami ne yake kwantar da shi. Shi ya sa in kin gyara kifi kike goge hannu da lemo. Kada dai ki zuba lemon da kanwar a ruwa ɗaya, don kowanne zai kashe ƙarfin ɗan'uwansa, ki yi asara biyu.

Na biyar, rana. A juya riga ciki waje, a shanya ta bushe ƙarau. Sai ta bushe ne za ki turara ta da turaren wuta in kina so. Turare a kan ƙarni, wari biyu ne.

Akwai wasu tabo na musamman. Tsatsar ƙugiya: matsa lemo, barbaɗa gishiri, sa a rana, ɗauraye. Kada ki sa mata bilic, ƙara kama ta yake yi. Baƙin man inji kuwa, ki shafa sabulu kai tsaye a busasshen wurin, ki bari ya jima kafin ruwa ya taɓa.

Uwargida, ki kasa kunne da kyau a nan. Kada ki kuskura ki haɗa bilic da lemun tsami, ko ruwan tsamiya, ko ruwan wanke masai. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da ƙirji, balle a lungu ko banɗaki inda iska ba ta ratsawa, ga goyo a bayanki. Bilic shi kaɗai, a farin kaya kaɗai, a fili, a kuma ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a juye shi a robar lemo.

Sai kayan aikin kansu. Su ba a yi musu irin na tufafi. Taru, koma da birgi na yanzu na zaren roba ne, kuma zafin rana yana cin ƙarfinsu a hankali. A ɗauraye da ruwa zalla, a cire ciyawa da matattun ƙananan kifi, a rataye a inuwa, nesa da ɓera da garwashi. Takalmin roba, rigar ruwa da rigar kariya daga nutsewa, a wanke da sabulu mai sauƙi ciki da waje, a kife su a inuwa. Ban da kananzir, ban da bilic, ban da kusa da murhu, don suna busar da roba ta tsage. Rigar kariyar da ta lalace ba ta ceton kowa. In takalmi ya ƙi daina wari, ki ƙulla gawayi a tsumma ki jefa ciki ya kwana. Gora kuwa, toka da soso sun ishe ta, a kife a inuwa kada ta fashe.

Ki ware wa kayan su bahonsu daban, igiyarsu daban. Kada su haɗu da kayan jariri ko rigar Juma'a. Wannan ya fi zama dole ga masu su a ruwan Jakara, wanda dattin birni da na masana'antu ke gangarowa cikinsa. Kuma kada ki ce don tsimin ruwa yara su je dam su yi wankin. A irin wannan ruwa mai dodon koɗi ake ɗaukar tsargiya. In kin ga jini a fitsarin yaro, asibiti za a kai shi, akwai magani.

Daga ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki samu lokacin da maigida ya ci ya huta, ki ce masa cikin ladabi: "Malam, da za a ware riga biyu don ruwa kawai, a riƙa ɗauraye su tun a can kafin a taho, da aikin ya yi mini sauƙi, sabulu ma ya yi auki." Insha Allahu zai ji, domin aljihunsa kike tattalawa.

To 'yan'uwa, a riƙe: sanyi tukuna, sai kanwa, sai tsami. Rana ta tufafi ce, inuwa ta taru da roba. Allah Ya tsare mana mazajenmu a kan ruwa, Ya sa albarka a abin da suke kamowa. Sai wani makon in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.