Mas'alar karnukan da aka yasar a Challawa: jawabin da aka yi gaban malamai da almajirai a Panshekara

  

Ya malamaina da 'yan'uwana almajirai, na san waɗansu sun yi mamaki da suka ji mas'alar zaman yau ta kare ce. Ku yi mini haƙuri ku saurara, domin abin ya auku a makarantata, har jinin yaro ya zuba a kansa.

Kun san yadda wannan yanki namu yake. Daga Panshekara zuwa Challawa, har Sharaɗa da Bompai, masana'antu ne da majemun fata, waɗansu na aiki, da yawa kuwa an rufe su, ciyawa ta cinye filinsu. Sa'ad da suna aiki masu gadi kan ajiye karnuka. Da aka sallami masu gadi, kowa ya naɗe tabarmarsa ya tafi, karnuka suka saura ba mai su, suna cin tarkacen fata da abin da aka zubar a juji, suna haihuwa a cikin kwalbatoci. Ba daga daji suka zo mana ba, mutum ne ya kawo su don amfanin kansa, da amfanin ya ƙare ya juya musu baya.

Da sanyin bara almajiraina suka tafi neman itace bayan wata masana'anta da aka rufe, suka tarar da karya ta haihu, 'ya'ya huɗu, ɗaya ya riga ya mutu, ita kuwa haƙarƙarinta duk a waje. Wani yaro ɗan shekara 11 ya ji tausayi, ya miƙa hannu zai ɗauki kwikwiyo guda, sai uwar ta cafke shi a tsintsiyar hannu. Suka zo mini da shi yana kuka, kuma cikin kukan nan roƙona yake in bar su su kawo 'yan kwikwiyon makaranta kada su mutu. Su kuwa gardawa har sun ɗebo duwatsu da sanduna.

Zan fara da cizon, don shi ne abin gaggawa. Ku sani ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga rauni sai ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan yi wata 2 ko 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ran da alama ta fito, watau tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, to, magana ta kusa ƙarewa, da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kuma cikin kowane goma wajen huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Watau irin waɗannan da ke zaune gabanmu da alluna.

Amma tsakanin cizo da bayyanar ciwo akwai ƙofa a buɗe. Na sa aka wanke hannun yaron da ruwa mai gudu da sabulu har minti 15 cif, ina duban agogo, sa'an nan muka kai shi asibiti a ranar. Aka fara masa allurar rigakafi, aka ce mu koma rana ta 3, da ta 7, da ta 14. Kuɗinta ya yi mana nauyi, sai da na sayar da tunkiya. Wani dattijo maƙwabcina ya ce da an tsige gashin karyar an ƙona an shafa a raunin, da an huta. Na girmama furfurarsa, amma ban bi shi ba, kuma ina roƙonku kada ku bi. Toka ba ta riskar abin da ya shiga jijiya. Ita wannan allura wani masani ne na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, ya fara gwada ta a kan mutum a shekarar 1885, a kan yaro ɗan shekara 9, yaron kuwa ya rayu har ya tsufa. Abin da aka sani shekara 140 da suka wuce bai kamata a ce har yau muna musunsa a zaure ba.

Na hana gardawa jifa, da dalili. Likitan dabbobi ya gaya mini in kare ya ciji mutum a tsare shi kwana 10 ana dubansa. In ya wuce su lafiya, yana ci yana sha, to, yawunsa ba shi da cutar ran da ya yi cizon. In aka kashe shi aka yar, an binne shaidar ke nan, a bar iyaye cikin zullumi. Sai dai ba a jinkirta allurar yaro don jiran kwanakin, tare ake yinsu. Wani tsohon maharbi ya taimake mu aka kama ta, aka sa ta da 'ya'yanta cikin wani kango mai ƙofa. Kwana 10 suka cika tana lafiya.

To, nan mas'alar ta taso. Ga karya da 'ya'ya uku a hannuna, na ciyar da su kwana 10. In sake su, ko in riƙe?

A ƙasashen Turawa akwai gidaje musamman na tara irin waɗannan. Na Battersea a birnin Landan wata mata ce, Mary Tealby, ta kafa shi a 1860, har yanzu yana nan. Sukan duba lafiyar kare, su yi masa allura, su gane halinsa, kāna su ba wanda ya nema. Mu a Panshekara ba mu da wannan. Wanda ya tsinci kare a nan shi ne gidan, shi ne mai binciken, kuma shi zai amsa in ya ciji ɗan maƙwabci.

Sai na koma ga littattafanmu, kuma a nan nake so ɗalibai su buɗe kunne, domin muna cakuɗa abu biyu da malamai suka raba. Na farko tsarki, na biyu riƙo. Wajen tsarki, mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne kare mai rai jikinsa da yawunsa masu tsarki ne, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bauta ce da aka umurce mu da ita, ba don najasa ba. Shafi'iyya ne suka tafi a kan najasarsa, suka wajabta ƙasa a ɗaya daga wankin. Mu kuwa da muke karanta Risala da Iziyya da Askari, ƙyamarmu ta wuce ta Shafi'iyya, har yaro kan ga jifan kare kamar aikin lada ne. Wa ya koya masa? Ba a littafi ya gani ba. Abin da ke cikin ingantattun hadisai shi ne labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Wajen riƙo kuwa magana ta yi tsanani. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ana tauye ladansa kowace rana, a wata ruwaya ƙiraɗi ɗaya, a wata biyu. Ga kuma hadisin rashin shigar mala'iku ɗakin da yake. Shehu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, a kan haka ya tafi cikin Risala: ba a riƙonsa a gidaje sai don waɗannan bukatu uku. Amma masu sharhi sun kawo cewa shi kansa, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoron maƙiya, ya ajiye kare. Da aka tuna masa zancen Malik, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Daga nan malamai da yawa suka ƙiyasta tsaron gida a kan tsaron gona in bukata ta tabbata. Ku lura, bukata ya kafa hujja da ita, bai ce sha'awa ba.

Da na auna, sai na ga tausayi wajibi ne a kaina, amma tausayi kaɗai bai halatta mini shigo da su makaranta ba. Yara fiye da 40 ke kwana a wurin, a ƙasa suke cin abinci, a nan ake karatu da salla. Na gaya wa yaron nan a'a, ya yi fushi da ni kwana biyu. Sakinsu kuwa a mayar da su juji, tsugune ba ta ƙare ba, domin bayan 'yan watanni su huɗun nan za su zama garke, ba allura, a kan hanyar da yaranmu ke bi neman itace. Wani ya ce a sayar wa masu saye suna kaiwa kasuwar Dawaki ta ƙasar Filato. Na ƙi, don mashahurin mazhaba ya hana cin kuɗin kare, ko da yake an ruwaito Sahnunu ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙonsa. Kuma na san abin da ake yi da su can.

Abin da ya rage shi ne a nema musu aikin da shari'a ta yarda da shi. Maharbin nan ya karɓi kwikwiyo ɗaya. Biyu na ba wani tsohon ɗalibina mai lambu a bakin kogin Challawa, wanda ɓarayi suka dame shi a kan injin ban ruwa. Uwar kuwa ni na riƙe, a garken awakina da ke bayan gari, nesa da makaranta, inda aka sace mini akuya biyu a shekara guda. Na kafa wa kowa sharaɗi: allurar haukan kare in kwikwiyo ya kai wata 3, a maimaita kowace shekara, a adana takardar; a ɗaure shi da rana a inuwa, da ruwa a gabansa; kaskonsa dabam; kada a bar shi ya nemi abincinsa a juji. Likita ya ƙara mini da cewa allura ba ta warkar da dabbar da ta riga ta kamu, saboda haka wanda aka tsinta a tsare shi 'yan watanni nesa da yara. Allurar ba baƙuwa ba ce, cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, tana cikin masu yinta, kuma akan yi gangaminta wajen 28 ga Satumba kowace shekara. Masana sun ce in aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari, cutar takan rasa hanyar yawo.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wahala. Ciyarwa kullum ce, a lokacin da kwanon masara ya yi tsada. Waɗansu maƙwabta sun ce malam ya zama mai kare. Ita kuma har yau ba ta yarda da baƙo, in ta ga sanda a hannun mutum sai ta maƙale tana kyarma. Wanda ba shi da garke ko gona ko bukatar tsaro, ko ba zai iya kuɗin allura ba, shawarata kada ya ɗauka. Ya ba da ruwa, ya hana jifa, ya nemo mai bukata.

Saura mas'ala guda da nake ajiyewa gaban malamai. Karya takan ɗauki ciki kusan sau biyu a shekara, cikinta wata 2 ne, kuma ba kullum zan sami maharbi da mai lambu ba. Likita ya ce akwai aikin da ake yi mata ta daina haihuwa. Risala ta halatta fiɗiyar tumaki saboda gyaran nama, ta kawo hani a kan ta dawaki. Ni ina ganin kare ya fi kusa da halacci, tun da maslahar a bayyane take, amma ina so kowa ya duba sharhin da ke hannunsa, mu tattauna a zama mai zuwa bayan sallar La'asar. Yaron ya warke, shi ke kai mata ruwa yanzu, tare da gardi.