Gasar Fiziks Tsakanin Makarantun Sakandare: Kira Ga 'Yan Asalin Kankiya Da Kusada

 

Masu girma iyayen ƙasa, Hakimin Kankiya da Bebejin Katsina Hakimin Kusada, Allah Ya ja zamaninku. Malam Shugaban taro, shugabannin wannan ƙungiya mai albarka, 'yan'uwa da suka yi tattaki daga Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, assalamu alaikum.

An nemi mu yi tsokaci a kan halin da ilimin kimiyya yake ciki a yankinmu. Mun zaɓi mu taƙaita magana a kan darasi guda, wato Fiziks, ilimin da ke nazarin motsi da zafi da haske da sauti da lantarki. Dalilinmu shi ne, duk yaron da bai ci wannan darasi ba a jarrabawar WAEC ko NECO, to ƙofar karatun likita da ta injiniya ta rufe masa, kome kaifin basirarsa. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011, ga kuma Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya a nan Kankiya. Duk suna kusa da mu, amma kusanci ba ya ba yaro gurbi, sai sakamako.

Mu da muka share shekaru riƙe da alli mun san inda gizo ke saƙa. Yaro zai haddace ma'anar doka tiryan-tiryan, amma ranar jarrabawar gwaji, da an ajiye masa batir da waya da ma'auni, sai ya yi tsuru-tsuru, domin bai saba taɓa su da hannunsa ba. Gani kuwa ya kori ji. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, da gwaji ya tabbatar cewa haske ne ke shiga ido mutum ya gani. Ashe ke nan gwaji gadonmu ne tun fil azal.

Hanya mafi sauƙi da za ta tilasta wa makaranta ta buɗe ɗakin gwaji ita ce gasa. A Nijeriya akwai gasar JETS ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, akwai ta Ƙungiyar Malaman Kimiyya, wato STAN, wadda aka kafa a 1957. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja kuma tana tace ɗaliban da ke wakiltar ƙasa a gasar Olimfiyad. Ita Olimfiyad ta Fiziks an fara ta a birnin Warso na ƙasar Polan a 1967, kowace ƙasa na aika ɗalibai biyar, su yi jarrabawar rubutu ta awa biyar da ta gwaji ta awa biyar.

Amma wadda muke son a yi koyi da tsarinta ita ce gasar matasan masana Fiziks ta duniya da aka fara a Mosko a 1988. A can, ana fitar da tambayoyi 17 kusan shekara guda kafin ranar karawa. Rukuni mai ɗalibai biyar zai yi bincike a kansu. Ranar gasa, rukuni ɗaya ya gabatar da sakamakonsa, na biyu ya ƙalubalance shi, na uku ya yi sharhi a kan su biyun, sannan alƙalai su ba da maki. Da wannan tsari haziƙi ɗaya ba ya iya ɗauke makaranta shi kaɗai. Dole a samu mai aunawa, da mai lissafi, da mai iya bayani a gaban jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce ina kuɗin kayan aiki? To, mu ɗauki misali. A ɗaura ƙaramin dutse a zare mai tsawon mita 1, a rataye shi a sake shi yana lilo. Zuwa da dawowa zai ɗauki kimanin daƙiƙa 2. Da agogon wayar hannu yara za su auna lilo 20, su yi lissafi, su gano ƙarfin jan ƙasa, wanda ya kai kusan 9.8. Haka nan za su iya bincika dalilin da ya sa ruwan randa ke yin sanyi a lokacin bazara, ko kusurwar da ta fi dacewa a kafa faifan sola a kan rufi. Duk waɗannan tambayoyin Fiziks ne, kuma kayansu na nan a gidajenmu.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya abubuwa huɗu:

Na farko, ta ɗauki nauyin gasa sau ɗaya a shekara tsakanin makarantun sakandaren Kankiya da Kusada, a riƙa karɓar baƙunci bi da bi, tare da amincewar hukumomin ilimi.

Na biyu, a wajabta wa makarantun da ke haɗe maza da mata su sa 'yan mata a rukuninsu, domin asibitocinmu na matuƙar buƙatar likitoci mata.

Na uku, kyautar ta kasance kayan ɗakin gwaji da biyan kuɗin jarrabawar JAMB, kuma kada a manta da malamin da ya horar da yaran, domin shi ne ke zama bayan an tashi.

Na huɗu, injiniyoyinmu da likitocinmu da malaman jami'a su ba da ranar Asabar ɗaya a shekara su zo su yi alƙalanci. Yaron da ya ga ɗan unguwarsu ya zama injiniya zai san abin mai yiwuwa ne.

Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma yau kowa na ganin likitoci da injiniyoyin da suka yaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna fata kafin a watse daga wannan taro za a kafa kwamiti, a ba shi wa'adi, a kuma buɗe asusu.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.