Naman Da Aka Gasa Da Hayaƙi Ya Kwana: Yaya Za A Yi Da Shi?

Yau maganarmu a kan nama ce. Naman ƙirjin sa, wanda aka gasa da hayaƙi, aka ci aka rage. Yaya za a ɗumama shi? Me za a dafa da shi? Yaushe ne kuma ya kamata a haƙura da shi?

Duk mahauci ya san ƙirji. Nama ne mai tauri, mai jijiya da kitse, domin da shi sa yake ɗaukar nauyin gabansa. Ba ya son wuta mai ƙarfi. A jihar Tekzas ta ƙasar Amurka, gashin ƙirjin sa sana'a ce babba. Sukan shafa masa gishiri da masoro, su sa shi a hayaƙin itace, wuta kaɗan-kaɗan, har awa 12 ko fiye. Sannu a hankali jijiyar ta narke, naman ya yi laushi. Ƙirji ɗaya yana da girma, gida ɗaya ba ya cinye shi a zama ɗaya. Saboda haka su ma suna da matsalar ragowa kamar yadda muke da ita bayan biki ko suna. Bambancin kawai, su suna da firji. Mu yawancinmu a karkara ba mu da shi.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Nama mai hayaƙi iri biyu ne. Akwai banda wadda ta bushe ƙarau, idan ka ƙwanƙwasa ta sai ka ji kamar itace. Akwai kuma wanda ya sha hayaƙi ya nuna, amma cikinsa da laushi da ruwa. Mutane da yawa suna ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Abin da yake sa banda ta daɗe shi ne rashin ruwa a jikinta, da gishiri. Hayaƙi taimako kawai yake yi. Nama mai laushi kuwa, ko ya yi baƙi a waje, ko yana ƙanshin hayaƙi, dafaffen nama ne. Yana lalacewa kamar naman miya.

Ƙwayoyin cuta ba a ganin su da ido. Suna hayayyafa a abincin da ba shi da zafi sosai, ba shi da sanyi sosai, wato tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki. Da bazara, lokacin da zafi ya tsananta, awa ɗaya ma ta isa. Ku duba ku gani, naman da aka rufe a kwano tun la'asar har wayewar gari, awa nawa ke nan?

Mun saba da ɗumame da safe. Amma ɗumi-ɗumi shi ne abin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Nama ba ɗumi yake bukata ba, zafi yake bukata har tsakiyarsa, digiri 70 ko fiye. Ba mu da ma'auni a gida, amma muna da ido. Romon ya tafasa. A tsaga yanka mafi kauri a ga tururi yana fita daga ciki.

Wani zai ce, ai idan na mayar da shi wuta bushewa yake yi, ya koma kamar fata. Gaskiya ne, idan aka ɗora shi tsirara a kan garwashi. Wajensa ya ƙone, cikinsa da sanyi. Ga yadda ya fi. A sa shi a tukunya. A zuba romo ko ruwa kaɗan, kamar ludayi biyu. Idan akwai man da ya tsatso wajen gashi, a zuba shi, kada a zubar. A rufe tukunya ruf. A rage wuta. Tururin nan shi zai shiga naman ya mayar masa da laushinsa. Babban yanki yana daɗewa kafin zafi ya kai cikinsa, don haka a raba shi. Wajen yanka kuma a duba inda zaren naman ya miƙe, a yanka a gicciye. Tsofaffi da yara za su tauna ba wahala.

A ɗibi wanda za a ci kawai. Ɗumamawa yau, ɗumamawa gobe, ɗumamawa jibi, kowane sanyi da ya yi dama ce ga ƙwayoyin cuta.

Mai firji zai iya ajiye shi kwana 3 zuwa 4, muddin wuta ba ta ɗauke ba. Wanda ba shi da firji, kada ya bari ya kwana haka nan. Tun da yamma a yanke shawara. Ko a yanka shi sirara a mayar kan hayaƙi har ya bushe ya zama banda ta gaske, a rataye inda iska take shiga, nesa da ƙuda da ɓera. Ko a soya shi da mai har ruwansa ya ƙone. A ganina, abin da ya fi dacewa da ƙirji shi ne dambun nama. Zarensa dogaye ne, da an daka sai ya warware. A soya da man gyaɗa da citta da barkono har ya bushe sarai, a bari ya huce, a zuba a busasshen mazubi mai murfi. A kula kuma, kada a hura wutar banda da leda ko roba. Hayaƙinsu guba ne, kuma naman yana sha.

Wanda za a ci a ranar, miya ta fi masa. Yanka kaɗan a miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa yana ba tukunya duka ƙanshi. Yana shiga faten wake, yana shiga dafa-duka. Da yake ya riga ya nuna, ba sai an sa shi tun farko ba. Amma a bar shi ya tafasa tare da miyar sosai kafin a sauke.

Idan nama ya yi yauƙi, ko tsami, ko wari, ko fumfuna, a zubar. Na san da ciwo, nama da tsada. Amma wasu ƙwayoyin cuta suna barin dafi a cikin nama, kuma tafasa ba ta kashe wannan dafin. Yaji ma ɓoye wari yake yi, ba magani ba ne. Kuma nama yana iya ɗauke da cuta alhali bai yi wari ba, shi ya sa muke ƙirga awa, ba hanci kaɗai muke bi ba. Kada a ce a ba yara tunda manya sun ƙi. Yara da tsofaffi da masu juna biyu su ne suka fi jigata.

Idan wani ya ci ya kama amai da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan da jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko yaro ya kasa sha, a kai shi asibiti a ranar.